Zaɓen Fatar Wasa Aska

Jama'a, ba gidan da ba ya bukatar wanzami. Ranar suna shi ke aske kan jariri. Jajibirin Salla kuwa, ko ranar kasuwa a Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Danja, kun san yadda ake layi a gabansa. Waɗansunmu ma suna da askar kansu a gida. To, yau za mu yi magana a kan wani abu ƙarami da ke cikin zabira, watau fatar da ake wasa aska a kanta.

Mu fara da aikin fatar. Dutsen washi da fata ba aikinsu ɗaya ba. Dutse cin ƙarfe yake yi, shi ke fid da sabon baki. Bakin aska siriri ne ƙwarai, har ido ba ya ganin iyakarsa. Duk sa'ad da aka yi aski, bakin nan yakan ɗan lanƙwashe nan da can. Fata ita ke miƙe shi, ta share ɗan gezar ƙarfen da dutse ya bari, ta sa shi sumul. Saboda haka dutse sai jifa-jifa, amma fata kullum kafin aski. Wanda ke kai askarsa ga dutse kowace rana cinye ta yake yi a banza.

In fatar ba ta da kyau, aska ba ta yanke gashi, sai ta riƙa tsige shi. Daga nan wanzami ya danna da ƙarfi, sai ga jini. Babba ya iya daurewa, amma ku tuna da kan jariri ɗan kwana 7.

Wace fata za mu zaɓa?

Ta farko fatar saniya jemammiya. Ita ta fi dacewa da mu, don tana da kauri, ba ta miƙewa, ga ta kuma da sauƙin samu. A nemi wadda majema suka jeme da bagaruwa, gama irin wannan jima tana sa fata ta tsaya da ƙarfinta. A ce wa baduku ya yanko daga gadon baya. Fatar ciki saku-saku ce, ba ta da amfani a nan.

Ta biyu fatar akuya. Jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi sun yi suna har Turai saboda kyan fatarsu. Fuskarta lafiya lau take, sai dai ba ta da kauri. Wanda zai yi aiki da ita sai ya manna ta a kan miƙaƙƙen katako, ya ja ta sosai kada ta tattare.

Ta uku fatar tunkiya. Wannan mu bar wa masu buzu. Ta cika laushi. Aska takan nutse cikinta, fatar ta naɗo bakin, maimakon kaifi sai a sami dakushewa.

Akwai kuma ƙirgi, watau fatar da aka shanya ba a jeme ba. Da rani ya bushe ya kanannaɗe, da damina ya jiƙe ya yi wari. Ba ya yi. Haka nan fatar tsohuwar jaka ko ta takalmi wadda aka shafe da fenti mai ƙyalli, aska zamewa kawai take yi a kanta. Wata ma ba fata ba ce, roba ce. Wanzaman Ingila da na Amurka sun daɗe suna yabon fatar doki saboda tsaurinta, amma ba lalle sai mun neme ta ba. Ta saniya ta ishe mu.

In kun je wurin baduku, kada ku yi gaggawa. Araha ba ta ado. Ku shimfiɗa fatar a hasken rana, ku duba gefen gashi, don a nan ake washi. Ku shafa da tafin hannu daga kai har gindi. In kun ji ƙullutu, ko tabon lalas, ko gurbin cizon kaska, ku ajiye ta. Ku juya gefen nama, ku duba ko wuƙar mahauci ta zaftare wani wuri. Sa'an nan ku lanƙwasa ta. In ta tsattsage, ta bushe da yawa. Ku ja ta da hannu biyu. In ta biyo ku, ta yi laushi da yawa. Faɗinta ya kai inci 2 ko 3, tsawonta kamar kamu ɗaya, kaurinta kuma ya zama daidai ko'ina.

A nan akwai abin lura ga manoma da masu kiwo. Kyan fata tun daga jikin dabba yake farawa. Wanda ya yi wa sansa lalas a gadon baya ya ɓata wuri mafi tsada. Wanda ya bar kaska ta cika dabbarsa, ko ya yi fiɗa da garaje ranar Layya, ya rage wa kansa kuɗi.

Ga yadda ake washin. A ɗaure kan fatar a jikin ƙusa ko reshe, a ja ta ta miƙe sosai. A kwantar da askar, bakinta da bayanta duka suna taɓa fatar. A ja ta, bayan yana gaba, bakin yana biye. In an kai ƙarshe, a juya ta ta wajen baya, a komo. Kada a danna, nauyin askar ya isa. Kamar sau 30 ya wadatar. Wanda ya tura baki gaba zai yanke fatarsa. Mu da Allah ya ba ƙasar auduga muna da wani taimako kuma: tsiri na saƙi mai kauri, a fara goga askar a kansa ya kwashe datti, kana a kai ga fata.

Fata tana son kulawa. Da hunturu takan bushe, sai a ɗan shafa mata man kaɗanya kaɗan, a murza da hannu. Mai da yawa yana kama ƙura, ƙura kuwa yashi ce, tana karce bakin aska. Da damina a rataye ta inda iska ke shiga don kada ta yi fumfuna. In an gama aiki a nannaɗe ta da ƙyalle mai tsabta.

Saura magana mafi nauyi. Fata tana sa kaifi, amma ba ta kashe ƙwayar cuta. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Likitoci sun tabbatar ƙwayar ciwon hanta, irin da suke kira nau'in B, tana iya kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba. Fata kuwa shan jini take yi, ba a kuma iya dafa ta. Saboda haka kada askar da ta taɓa kan wani ta hau fata sai an wanke ta da sabulu, an tafasa ta minti 20, ta bushe. Fatar da jini ya taɓa a yar da ita. Wanzami ya riƙe aska fiye da ɗaya, mai hali kuma ya sayi tasa, ya ajiye wa iyalinsa. Ba rashin kunya ba ne ka tambayi wanzami ko ya dafa askarsa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin aikin dutse da na fata?
2. Daga wane wuri a jikin saniya ake yanko fatar washi?
3. Don me ba a so a yi washi da fatar tunkiya?
4. Me za a yi wa aska kafin a ɗora ta a kan fata?