Sindirela ta telebijin, ƴar bora ta tatsuniya

Daga Sarkin Hausa har Tasawa, ƴaƴanmu sun san Sindirela, katun ɗin da Disney ya fitar a 1950: waƙa, rawa, auren ɗan sarki. Amma a tatsuniyar da Grimm, wa da ƙane ƴan Jamus, suka buga a 1812, har da jini. A toka marainiyar take kwana, agololin gidan kuwa ɗaya ta datse yatsa, ɗaya diddige, don takalmin ya shiga.

Mu ma mun san ta: ƴar bora ce ta gatanan gatananku. Iyaye mata, in kasuwa ta watse mu ba yara tamu, sannan mu dubi yarinyar riƙon da muka ɗora wa talla.