Na'urorin Sanyi Da Ɗumi Masu Tsimin Wuta: Abin Da 'Yan Kasuwar Gwantu Da Kafanchan Za Su Duba

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, masu otal-otal da kantunan magani da ƙananan asibitoci a Gwantu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, da Kafanchan, hedkwatar Jama'a, suka shiga sabon lissafi game da sanyaya gine-ginensu. A watan Afrilu na 2024 kuma Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin awo ɗaya na wuta daga wajen Naira 68 zuwa Naira 225 ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. Sauran rukunoni ba a taɓa su a lokacin ba, amma su janareto ke cike musu giɓi, shi kuwa ya fi tsada.

A cikin wannan hali ne ake tallar na'urorin da ake kira "haibirid", wato masu tagwayen hanya. To, sunan nan yana da ma'ana biyu, ya kamata mai saye ya rarrabe su. A Amurka da Turai ana nufin na'urar da ta haɗa famfon zafi mai aiki da lantarki da murhun gas, idan sanyi ya tsananta sai ta koma kan gas da kanta. Wannan ba ta da wani amfani a kudancin Kaduna, domin sanyin hunturun Disamba da Janairu, ko da yake yana shiga jiki da asuba, bargo da ruwan zafi sun ishe shi. A kasuwanninmu kuwa ana nufin iyakwandishan da ke shan wuta kai tsaye daga farantan hasken rana, idan ta gaza sai ta cika da wutar kamfani ko ta janareto.

Famfon zafi ba ya ƙirƙirar zafi, ɗaukarsa yake yi daga wani wuri ya kai wani, kamar yadda firiji ke yi. Da bazara yana kwashe zafin ɗaki ya watsar waje, da hunturu a juya shi ya shigo da ɗumi. Saboda haka awo ɗaya na wuta yakan kawo zafin da ya kai awo uku ko huɗu, alhali hitar ruwa ta gargajiya ɗaya ce ke ba da ɗaya. A nan ne mai masauki a kan hanyar Akwanga zuwa Jos, wadda ta ratsa Gwantu, zai ga riba: ruwan wankan baƙi, ba ɗumama ɗaki ba.

Ta fuskar sanyi kuwa, tsimin yana cikin kwamfireso mai inbata. Tsohuwar iyakwandishan tana tashi da ƙarfinta duka, ta mutu, ta sake tashi, kuma duk tashin da za ta yi sai ta fizgi wuta ninkin-ba-ninkin. Shi ya sa ake sayen janareton da ya fi ƙarfin bukata. Mai inbata tana tashi a hankali, idan ɗaki ya yi sanyi sai ta sassauta gudu. Alal misali, na'ura mai ƙarfin doki ɗaya da rabi da ta yi awa takwas ba sassauci tana shan wajen awo tara, kusan Naira 2,000 ke nan a farashin Naira 225 na watan Afrilun 2024. Ɗakuna goma, Naira dubu 600 a wata. Ko sulusi aka rage, ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Sai dai kudancin Kaduna ba Sakkwato ba ne. Damina a nan tana ɗaukar wajen wata bakwai, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma hadarin Yuli da Agusta yana rage abin da faranti ke bayarwa. An yi sa'a zafi ya fi tsanani a Maris da Afrilu, lokacin da rana ke wadace. Matsalar ita ce dare. Ofis da kantin magani da rana suke aiki, don haka tagwayen hanya ta dace da su ba tare da batir ba. Mai otal kuwa baƙinsa da dare suke neman sanyi, sai ya ƙara kuɗin batura, waɗanda kan iya zarce kuɗin na'urar kanta. Wanda aka ce masa ya rabu da janareto har abada, ya nemi a rubuta masa lissafin a takarda.

Akwai kuma batun kayan gwanjo. Da yawa daga cikin tsofaffin na'urorin da ake shigowa da su suna aiki da gas na R-22, wanda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta tanadi ƙasashe masu tasowa su kusan daina amfani da shi nan da 2030. Sababbi sun fi zuwa da R-32 ko R-410A. Kafin biya, a tambaya ko akwai mai gyara a Kafanchan da ya san allon lantarkin inbata, domin wutar da ke hawa da sauka tana ƙona shi, don haka a haɗa da sitabilaiza. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska, ta rufe fuskar faranti, sai an riƙa wanke su a kai a kai har ruwan farko ya sauka.