Sarƙar Wuya Mai Fure: Ƙaramar Sana'a Da Kwarashi

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, rani ya kama. A wannan lokaci ne matan ƙauyukanmu suke samun ɗan sarari, amma kuma a lokacin ne kuɗi yake wuyar samu. Ga kuɗin makarantar yara, ga sabulu, ga gudummawar biki. Da yawa sukan ɗebi hatsi su kai kasuwa tun yana da araha, in damina ta faɗi kuma su koma sayensa da tsada. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo muku wata 'yar sana'a wadda mace za ta yi tana zaune a gindin inuwa, wato saƙar sarƙar wuya mai fure da kwarashi.

Kada a raina ta

Wata za ta ce, me furen zare zai tsinana wa mutum? To, ga abin da ya faru a ƙasar Ailan, can kusa da Ingila. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta lalata dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakawan ƙasar. Mutane wajen miliyan ɗaya suka mutu saboda yunwa da cututtuka. A cikin wannan wahala aka yi ta koya wa mata da 'yan mata saƙar kwarashi. Sukan saƙa furanni da ganyaye da farin zaren auduga, a harhaɗa su a yi leshi, a sayar wa masu hali. Da wannan kuɗi gidaje da yawa suka sayi abinci. Har yanzu an san saƙar Ailan da furanninta. Furen da za mu koya bai kai nasu wuya ba, amma kayan aikin ɗaya ne: kwarashi da zare da haƙuri.

Kayan aiki

Ana bukatar kwarashi na ƙarfe siriri, mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2, da zaren auduga launi biyu, da allura, da almakashi, da maɓalli ƙarami, da dutsen ado guda ɗaya. Mai koyo ta fara da ulu da kwarashi mai kauri, kamar milimita 3 ko 4, don ta riƙa ganin abin da take yi. Amma na sayarwa ya fi kyau da auduga, gama ulu yana da zafi a wuya, yana kuma yin gashi-gashi. Guntayen zaren da suka rage daga saƙar hula ko rigar jariri sun isa fure.

Kafin a fara, a yanki ɗan zare a jiƙa shi, a matse cikin farin ƙyalle. In ya zuba, kada a yi aiki da shi. Gumi zai sa ya ɓata rigar wadda ta saya, ita kuwa ba za ta sake dawowa ba.

Saƙa iri uku

Ta fari ita ce sarƙa. A yi zarge a sa a kan kwarashi, a naɗo zare, a jawo shi ta cikin idon da ke kan kwarashin. Sarƙa ɗaya ke nan.

Ta biyu za mu kira ta haɗi. A cusa kwarashi a inda ake so, a naɗo zare, a jawo shi ta wurin da kuma ta idon da ke kan kwarashi gaba ɗaya.

Ta uku ita ce doguwa. A naɗa zare sau ɗaya a kan kwarashi, a cusa, a jawo zare. Yanzu akwai ido uku a kan kwarashin. A naɗo zare a jawo ta ido biyu, a sake naɗowa a jawo ta biyun da suka rage.

Yadda ake yin furen

A yi sarƙa 5, a haɗa ta ƙarshe da ta fari, ya zama ɗan zobe. Daga nan a yi sarƙa 3, a yi doguwa 2 a cikin zoben, a sake yin sarƙa 3, sa'an nan a yi haɗi a cikin zoben. Kunnen fure ɗaya ya fito. A maimaita haka har kunnuwa su cika 5. In wuri ya ƙure, a tura saƙar gefe da yatsa. A yanke zare a bar kamar inci 4, a jawo shi ta idon ƙarshe a ƙulle. Sai a ɗinka dutsen ado a tsakiya da allura.

Igiyar wuya kuwa da ɗaya launin ake yinta. A yi ta sarƙa har ta kai inci 18 zuwa 20. A ƙara sarƙa 6 ko 8, a lanƙwaso su a haɗa, su zama ƙofar da maɓalli zai shiga. Sa'an nan a komo baya ana yin haɗi a cikin kowace sarƙa har ƙarshe. Wannan komowa ita ce ke ba igiya ƙarfi, ta hana ta miƙewa. A ɗinka maɓalli a ɗaya bakin, a ninka igiyar biyu a sami tsakiyarta, a ɗinka furen a nan ta bayansa.

Gamawa ita ce aiki

Mun lura masu koyo sun fi yin sakaci a nan. Kada a yanke bakin zare dab da ƙulli, gama zai warware a wankin fari. A zura shi a allura, a bi da shi ta bayan saƙar, sa'an nan a yanke. In ana so furen ya tsaya sosai, a tsoma shi a ruwan sitaci marar kauri, a shimfiɗa a kan ƙyalle mai tsabta, a gyara kunnuwan da yatsa, ya bushe a inuwa. A ajiye a gwangwani mai murfi, don kyankyasai suna son sitaci.

Gargaɗi ga iyaye

Wannan ado na manya ne da 'yan mata. Kada a rataya wa jariri ko yaron da bai kai shekara 3 ba. Igiyar tana iya shaƙe shi yana barci ko yana rarrafe, dutsen kuma yana iya cirewa ya haɗiye. Mai sayarwa ta faɗa wa mai saye wannan, ko da ba a tambaye ta ba.

Lissafi kafin ciniki

Mata da yawa suna sana'a ba su san ko riba suke ci ko hasara ba. Ga hanya mai sauƙi. A rubuta kuɗin dunƙulen zare, a ƙirga sarƙa nawa ya fitar, a raba. A ƙara kuɗin maɓalli da dutse da ladan hannu. Abin da ya fito, kada a sayar ƙasa da shi. Kuɗin zare kuma a ware shi dabam, kada ya shiga cefane, in ba haka ba jari ya mutu.

Kasuwar wannan kaya tana wurin biki da suna. Da an fitar da anko, a nemi ƙyallensa a zaɓi zaren da ya dace da shi, a saƙa guda ɗaya a nuna wa ƙawayen amarya. Su ba da rabin kuɗi kafin a fara. Mata biyar ko shida suna iya haɗa kuɗi su sayi zare da yawa a gari, ya zo musu da sauƙi, su raba aikin: wata fure, wata igiya, wata ɗinki.

Ba mu ce wannan sana'a za ta gina gida ba. Amma in ta sayi sabulu da littafin yaro, mudun hatsi ya tsira a rumbu ke nan. Wadda ta iya waɗannan saƙa uku kuma ta kama hanyar hula da jaka da mayafin jariri. Furen fari zai fito a karkace, na biyu ma haka. A warware a sake, zaren bai lalace ba. Sannu ba ta hana zuwa. Wadda ta koya kuma, ta koya wa maƙwabciyarta.