Sabon Kamshaf: Rabin Sa'ar Farko Ita Ce Magana

'Yan'uwa manoma, ƙungiyar da ta mallaki mota ta san irin wahalar da aka sha kafin a tara kuɗinta. Ita ke kawo taki, ita ke kai hatsi kasuwa, ita ce kuma ke ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti da tsakar dare. In ta kwanta a lokacin kaka, hasarar ta kowa ce. Saboda haka za mu yi magana a kan wani ƙarfe guda a cikin inji, wanda makanikai ke kira kamshaf. Yana da tsada, amma ana iya lalata sabo ful cikin rabin sa'a, a gaban masu motar, ba tare da sun sani ba.

Menene aikinsa?

Kamshaf sanda ce ta ƙarfe mai tozaye a jikinta. A inji mai silinda 4 da bawul 8, tozayen bawul 8 ne. In sandar ta juya, kowane tozo yakan tura wani ɗan ƙarfe mai kama da kofi, watau tafet, shi kuma ya sa bawul ya buɗe, mai ya shiga ko hayaƙi ya fita. Karanshaf yakan juya sau 2 kafin kamshaf ya juya sau 1.

Maganarmu a kan tsofaffin injuna ce, irin na Peugeot 404 da 504, waɗanda yawancinmu muka sani tun da aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975. A cikinsu kamshaf yana can ƙasa a jikin inji, sarƙa ce ke jansa, tafet kuma yana gugar tozo ƙarfe da ƙarfe. Injunan da tafet ɗinsu ke da 'yar taya ba su da wannan damuwa sosai.

Yaya za a san ya cinye? Mota ta rasa ƙarfi a hawa. Inji yana ƙas-ƙas, a gyara tafet yau, bayan mako guda ƙarar ta dawo. Wani lokaci kabureta ta riƙa atishawa. In aka buɗe murfin inji, za a ga roka guda ba ta motsi kamar sauran.

Kafin a ɗaura

Na ɗaya, sabon kamshaf sai da sababbin tafet, dukansu. A nan ne kwamiti yakan so ya yi tsimi, a ce ai tsofaffin da sauransu. Araha ba ta ado. Fuskar sabon tafet tana da ɗan tudu wanda ido ba ya gani, tozon kuma an ɗan karkata shi, domin tafet ya riƙa juyawa a raminsa yana raba guga ko'ina. Tsohon tafet ya riga ya ci ya bi siffar tsohon tozo. In aka ɗora shi a kan sabo ba zai juya daidai ba, sai ya riƙa sassaƙe shi.

Na biyu, a wanke cikin inji. Ƙarfen da ya cinye daga tsohon kamshaf bai tafi ko'ina ba, yana kwance a kaskon mai da hanyoyin mai. A cire kaskon a wanke, a sa sabuwar matatar mai. Kada a yi aikin a fili inda iska ke kwaso ƙura, balle lokacin hunturu.

Na uku, a shafe kowane tozo da gindin kowane tafet da giris na musamman na haɗa inji, baƙi-baƙi ne mai kauri. A tabbata kowane tafet yana juyawa a raminsa in an murɗa shi da yatsa.

Na huɗu, a daidaita alamun sarƙa yadda littafin motar ya nuna, a duba sarƙar ko ta saki. A gyara tazarar bawul inji yana sanyi. Sa'an nan a juya inji da sifana sau 2 cikakku. In wani abu ya tokare, a tsaya a duba.

Batun baƙin mai

A cikin baƙin mai akwai wani sinadari na zinki da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Tun wajen 2004 aka rage shi a man sababbin motoci, wanda yake tsinkakke kamar ruwa. Irin wannan bai dace da aikinmu ba. A nemi man da aka yi domin horar da inji, ko mai kauri na tsofaffin motoci wanda makanike amintacce ya san yana da zinki isasshe. A saya a galan rufaffe. Man kwalba na bakin hanya ba wanda ya san abin da ke ciki.

Ranar tayarwa

Ana so inji ya tashi bugu ɗaya, domin yawan murza makulli yana share giris ɗin da aka shafa. Saboda haka batir ya cika, fetur ya iso kabureta, ruwa ya cika lagireto, wuta kuma tana daidai.

Da ya tashi, kada a bar shi a silo. Wannan shi ne babban abu. Mun saba jin cewa sabon inji a bi shi a hankali, amma tozayen kamshaf ba su da bututun mai nasu, sun dogara ga man da karanshaf ke fantsamawa. A silo man kaɗan ne. A ɗaga totur nan da nan zuwa juyi 2,000 ko 2,500 a minti, wajen ninki uku na silo ke nan, a riƙa ɗan hawa da sauka a tsakani, har minti 20 zuwa 30. Ƙarar za ta tsorata mutane, kada wannan ya sa a saki totur.

Aikin mutum uku ne. Ɗaya a kan totur yana kallon fitilar mai da allurar zafi, ɗaya yana duba yoyo, ɗaya riƙe da agogo. In fitilar mai ba ta mutu ba, ko inji ya yi zafi, a kashe shi ɗungum, a gyara, a sake tayarwa, a ci gaba da ƙirga daga inda aka tsaya.

Bayan an gama

A juye man tun yana da ɗumi, a sake matata, a zuba sabo. A duba tsohon man a rana. Ɗan ƙyalli kaɗan ba laifi, amma in an ga ɓarɓashin ƙarfe, a buɗe a duba kafin motar ta fita. In inji ya huce a sake gyara tazarar bawul. Kilomita 800 na farko kada a yi mata lodi har wuya, kada kuma a bar ta tana aiki a tsaye ana hira. Bayan haka a sake mai.

Ga 'yan kwamiti

Motar ƙungiya amana ce, da kuɗin gwauraye da na marayu a cikinta. Tun kafin a yi ciniki, ku gaya wa makanike cewa kuɗin tafet, da giris, da mai sau biyu, da matata biyu, duk suna cikin lissafi. Ku zaɓi mutum guda ya je da agogo ya tsaya har a gama, magatakarda kuma ya rubuta ranar da lambar kilomita a littafi. Gara a yi aikin da rani, lokacin da ba a neman motar da gaggawa.

A karanta wannan a taronku na gaba, direba yana zaune. Allah ya ba mu damina mai albarka.