Ambursa: Sunan yaro a rajista, yaro a fadama

A Ambursa, garin da filin jirgin saman Birnin Kebbi yake, lokacin girbin shinkafa kan fito da wata tsohuwar matsala. Rajistar makaranta na nuna aji a cike, alhali wasu yaran suna fadama suna taya iyayensu aiki.

Gano irin wannan giɓi shi ne aikin jami'an sa ido da tantance shirye-shiryen ilimi, kuma aikin ba ya yiwuwa sai da horo.

Dalili kuwa, kuɗi ne a gaba. Kebbi ta kasance cikin jihohi 17 na shirin BESDA, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2017 don mayar da yara makaranta, kuma an riƙa sakin kuɗinsa ne bayan an tabbatar da sakamako. Jihar na kuma cikin jihohi bakwai na farko a shirin AGILE na ilimin 'yan mata.

Jami'in da ya samu horo yakan bambance sunan da aka rubuta da yaron da ke zuwa kullum. Yakan kai ziyarar ba-zata, ya ƙirga kawuna, ya gwada ko ɗan aji uku na iya karanta jimlar Hausa, sannan ya ji ta bakin kwamitin iyaye da ke kula da makarantar.

Idan alƙaluma suka yi ƙarya, kujeru da malamai sukan tafi inda ba a buƙatarsu, yaron fadama kuwa babu mai nemansa.