Yuraniyom na Arlit, wutar Gure fa?

Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit da ke Nijar, an kuma daɗe ana kai shi Faransa, inda tashoshin nukiliya ke ba da kusan kashi biyu cikin uku na lantarkin ƙasar. A duniya baki ɗaya kuwa, rabon nukiliya bai kai kashi 10 cikin ɗari ba.

Yanzu kasuwar yuraniyom na sake tashi, domin tashoshin nukiliya ba sa fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. A taron yanayi na Dubai a 2023, ƙasashe sama da 20 sun yi alkawarin ninka ƙarfin nukiliya sau uku kafin 2050. Sin ce kan gaba wajen gini, Rasha kuma na gina wa Masar tasha a Daba'a. Nijar ta ƙwace kamfanin Somaïr mai haƙar yuraniyom a Arlit daga hannun kamfanin Orano na Faransa a 2025, ta kuma ƙulla yarjejeniyar nukiliya da Rasha.

To, mutumin garin Gure da ke Nijar fa? Tasha guda na cin biliyoyin daloli da shekaru masu yawa, tana kuma son ruwa mai tarin yawa don sanyaya injinta, abin da ƙasar tuddan rairayi ba ta da shi. A ganina, hasken rana zai riga nukiliya isa ƙauyukan Gure, da nisa ma.