Faɗin Yawa da Ƙaranci a Sifaniyanci: Inda Hausa Ke Taimakon Ɗalibi

Ɗalibin Baure, a masarautar Daura, wanda ya saba jin Faransanci a bakin maƙwabtansa na Magarya da ke Nijar, ba lalle ne ya san cewa Sifaniyanci harshen hukuma ne a Ikwatoriyal Gini, ƙasar da ta sami 'yanci daga Sifaniya a 1968 ba. Mai son koyon Sifaniyanci zai fara cin karo da kalmomin adadi maras iyaka, wato masu nuna yawa ko ƙaranci ba tare da ƙidaya ba, irin su "wasu", "kaɗan" da "da yawa".

A nan Bahaushe ya fi mai Turanci sa'a, domin harshensa ya riga ya raba namiji da mace: "wani" da "wata" sun yi daidai da "algún" da "alguna". Bambancin yana zuwa ne a jam'i, inda Hausa ke haɗe jinsunan biyu a "wasu", Sifaniyanci kuwa ya raba "algunos" da "algunas". Haka kuma "da yawa" ba ta sauya siga ko ana maganar gero ko awaki, amma "mucho" tana bin jinsi da adadin sunan da ta rakiya, shi ya sa ake cewa "mucho mijo" ga gero mai yawa, a ce "muchas cabras" ga awaki da yawa. Kalmar "gente", wato mutane, tilo ce kuma mace, kamar yadda ake cewa "jama'a ta taru", don haka "mucha gente" ce daidai.

Abin da ya fi rikitarwa shi ne tazarar "poco" da "un poco de". Manomin da ya ce "tengo poco mijo" kukan ƙarancin gero yake yi, wanda ya ce "tengo un poco de mijo" kuwa yana nufin akwai ɗan abin da za a taɓa, kuma wannan "poco" ta biyun ba ta sauyawa ko da sunan mace ne. "Demasiado" na nufin abu ya wuce kima, "bastante" kuma ya wadatar.

Malamin da zai koyar da waɗannan kalmomi a ƙasar Hausa zai fi cin nasara idan ya ɗora darasin a kan nahawun Hausa, maimakon ya bi ta Turanci.